Rigunan Faifaina Suna Bayan Sitonka, Alhaji

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin kago da ke Al Quoz,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ranka ya daɗe, tare da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ban sa sunanka ko na kamfaninka ba, don ba tozarta ka na zo yi ba. Amma zan liƙa takardar nan a allon ƙungiyarmu ta 'yan gida, saboda sau huɗu ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, alhali ga motarka nan a ƙofa.

Sunana Mamman Sani, mutumin Maraɗi. A gida malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, a nan kuwa direba. Shekara biyar ina tuƙa wani dattijo ɗan ƙasar Denmark, injiniyan jiragen ruwa, Mista Henrik. Da ya yi ritaya zai koma ƙasarsu, sai ya bar mini faifan garmaho ɗari da tamanin da shida na mawaƙan can. Kowane faifai yana cikin rigarsa, wato kwalin nan mai hoto da ake zura shi ciki. Yau rigunan nan suna cikin tulin kwalin da ke bayan sitonka, kuma ranar Alhamis motar masu sayen tsohon kwali za ta kwashe su zuwa injin markaɗe. Su nake nema.

Na ɗaya, ga yadda aka yi. Ranar Asabar ta makon jiya na kawo akwati huɗu don a sa mini a kwantenar da za ta bi ta Kwatano. A jikin kowanne na rubuta cewa kada a buɗe, da Hausa da Faransanci da Ingilishi. Na kuma faɗa wa akawunka baki da baki, ya ce halas, an gama. Laifina ɗaya, ban tsaya an yi awo a gabana ba. Sabon maigidana yana jira, hanya kuwa duk an tone ta saboda aikin jirgin ƙasa, sai na yi sauri na tafi.

Na san al'adar aikinku, kuma ban raina ta ba. Duk kayan da ya shigo sito ana tuɓe masa kwali don kilo ya ragu, wuri ya samu. Takalmi a fitar da shi daga akwatinsa, turare a cire masa gida, a ɗure a buhu a naɗe da salatif. Ni kaina na sha cin moriyar wannan dabara, kuma 'yan kasuwarmu suna sa muku albarka a kanta. To ma'aikatanka hannunsu ya saba. Suka buɗe akwatunan, suka zare faifan ɗaya bayan ɗaya, suka jera su tsirara kamar farantan cin tuwo, suka watsar da rigunan. Da na dawo ranar Litinin akawunka har da murmushinsa, wai sun rage mini kilo goma sha biyu. 

Faifai uku sun fashe, wajen ashirin sun karce. Na kwashe su na kai ɗakinmu a Hor Al Anz, kuma na yafe wannan har ga Allah. Na yi ihu a sitonka ran nan, na faɗi maganganun da ba su dace da mai furfura ba, shi ya sa aka ce wa mai gadi kada ya sake bari na wuce ƙofa. Na ba da haƙuri, kuma ina sake bayarwa a gaban kowa.

Na biyu, akawunka ya ce ai takarda ce kawai, tunda faifan suna hannuna me kuma nake nema? Bari in gaya maka abin da ke jikin takardar. Shekara biyu cur, duk Juma'a bayan na sauko daga masallaci, nakan je gidan dattijon nan. Ya ɗora faifai, mu saurara, ya ɗaga allura, ya fassara mini baitin da Ingilishi, ya rubuta da fensir a bayan rigar. Ni kuma in rubuta Hausarsa a ƙasa da jan biro. Inda wuri ya ƙare mu ƙara takarda mu cusa ciki. Wani baitin sai mu yi rabin awa muna gardama a kansa, shayinsa ya huce, nawa ya huce.

A nan na koyi tarihin da ban taɓa ji a lakwal ba. Mutanen Denmark ba su fi kamar miliyan shida ba, ko kusa da yawan masu jin Hausa ba su yi ba. Maƙwabtansu ma tsokanarsu suke yi, wai suna magana kamar mai dankali da zafi a baki. Da samarinsu suka fara riƙe jita wajen shekarun 1960, kusan duk da Ingilishi suke waƙa, suna kwaikwayon na Ingila, don sun ɗauka harshensu ba zai hau wannan kiɗa ba. Mista Henrik ya ce shi kansa ya yi shekaru yana rera abin da bai san ma'anarsa ba. Sai wasu masu taurin kai suka ce su da harshen uwarsu za su yi, aka yi ta yi musu dariya. Kafin a ankara, a shekarun 1970 waƙar ta koma maganar titi, ta lebura da matuƙin jirgin ruwa da unguwar talakawa. Ya ce a lokacin ne iyayensu suka fi yin fushi, don yanzu suna jin abin da ake faɗi! Daga baya wasu suka sake komawa Ingilishi don su sayar a waje, kuma sun sayar. Waƙoƙin soyayyar nan da 'yan Filifin da Indiyawa ke bi a motocin ma'aikata, wasunsu na 'yan Denmark ne, masu bin ba su ma sani ba. Yanzu kuma ya ce ƙananan mawaƙan suna dawowa harshen gida.

Duk wannan yana rubuce a rigunan: wace ƙungiya ce ta fara, wace ce ta juya, me baitin yake cewa. In babu su, abin da ke ɗakina baƙaƙen faranti ne masu ƙara da harshen da ba na ji.

Na uku, an ce mini ka ce kiɗan Turawa ne, bai kai a tayar da tulin kwali a kansa ba. Haba Alhaji! Kai da kake loda kwantena da talabijin da rediyo, me ake ji a cikinsu? Ban ce ka so kiɗan ba. Amana na kawo, da rubutu a jikinta, kuma ba a tambayi mai amana ko abin da ke ciki ya burge mai ajiya. In kuwa kana son sanin amfaninsa, wani abokina a gidan rediyon garinmu ya yarda mu yi shiri da shi. Ɗaliban da na koyar suna can suna waƙar zamani, rabinsu suna ganin sai da Faransanci za a ɗauke su da daraja. Ba wa'azi zan yi musu ba. So nake su ji cewa wasu mutane can ƙarshen duniya sun taɓa jin kunyar harshensu, kuma su ji yadda ta ƙare.

Na huɗu, na san za a ce in buga wa dattijon waya mu sake rubutawa. Ina! Wata biyu da komawarsa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. 'Yarsa ta rubuto mini cewa ya farfaɗo, yana gane mutane, amma Ingilishin ya tafi gaba ɗaya, harshen da ya tashi da shi kaɗai ya rage masa. Ta kara masa waya a kunne don mu gaisa. Ya yi ta magana, ya daɗe yana yi, har da dariya. Ban gane komai ba sai sunana. Na ajiye wayar na yi kuka, ba na jin kunyar faɗi. Mutumin da muka yi shekara biyar muna hira a mota ɗaya, yau ba mu da kalma ɗaya tsakaninmu sai waɗanda ke cikin sharar sitonka.

Saboda haka ga roƙona. Ka ba mai gadi umarni ya bar ni in shiga bayan sito ranar Laraba. Ba na neman ma'aikacinka ko ɗaya ya bar aikinsa; mutum uku daga ɗakinmu sun ce za su zo, mu tone tulin da hannunmu, mu mayar da shi yadda muka same shi. In yini ɗaya bai isa ba, ka sa a ce wa masu motar su dakata zuwa mako mai zuwa. Sannan, don Allah, ka kafa doka cewa duk akwatin da aka rubuta kada a buɗe, a kira mai shi kafin a sa masa wuƙa.

Na riga na karɓi hutun Laraba da Alhamis. Da an sallame sallar asuba ina ƙofarka. In ba a buɗe ba, ba zan yi ihu ba wannan karon, zan zauna a inuwar katanga in jira. In motar ta zo ta loda, zan bi ta duk inda za ta sauke, in roƙi mutanen can abin da na roƙi ɗan'uwana Bahaushe ya hana ni. Ban so a kai ga haka, kuma ba na jin kai ma kana so.

Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya kai kwantenoninka lafiya, ya raya maka zuri'a. Allah ya bar ka da lafiyarka da harshenka, kada ya nuna maka ranar da za ka yi magana a rasa mai gane ka.

Wassalam.

Naka,
Mamman Sani, direba,
Hor Al Anz, Dubai.