Baba, Na Ɓoye wa Rabi Takardar Asibiti

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Isiya malamin dabbobi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, ɗanka Sanusi ne. Na san ba za ka karanta ba, amma in ba kai ba, ba ni da wanda zan faɗa wa abin da na aikata.

Ina tuna ka a kasuwar shanu ta Jibiya, kana duba dabbobin da aka shigo da su daga Maradi. Wata rana ka ɗiga jinin wata saniya a gilashi, ka ce in leƙa madubinka mai ƙara girman abu. Na ga ƙananan abubuwa suna motsi a ciki. Mai saniyar yana rantsuwa kambun baka ne ya kama ta. Ka ce, "Al-Haƙƙu sunan Allah ne. Abin da ke nan yana nan. Wanda ya rufe ido ga gaskiya, Shi ya juya ma baya."

Wasu a masallaci sun ce boko ya cinye ka, har wani ya ce kana haɗa Allah da halittarSa. Ba ka taɓa musu da su ba. Abin da kakan ce kawai, "Ni dai ban san inda zan neme Shi ba in ba cikin abin da yake tabbas ba." A kan wannan ka tashe ni, kuma na yi alfahari da shi lokacin da bai taɓa ni ba.

Baba, Rabi ce, surukarka. Ciwon daji ne a mama. Likita a Katsina ya nuna mini hoton, ya ce ya bazu har ƙashi. Ya ce ba zai ce mini za ta warke ba, amma akwai maganin da zai rage mata azaba, ya ƙara mata kwanaki cikin 'ya'yanta, in dai ba a ɓata lokaci ba.

Na ninke takardar sakamakon da ya ba ni na sa aljihu. A mota ta kama hannuna ta tambaye ni abin da aka gani. Na ce mata ƙurji ne.

Da ta ji ƙurji ne amma ya ƙi jin magani, sai ta yarda da maganar yayyenta cewa sammu ne. Jiya da hantsi suka ɗauke ta zuwa wurin wani mai magani a wani ƙauye bayan Maradi. Ni na raka su har shingen iyaka. Motarsu ta daɗe a bayan manyan motocin hatsi, 'yan duwan, wato kwastan, suna duba kaya, ina tsaye jikin taga, takardar tana aljihuna. Na samu lokacin faɗa mata, Baba. Ta ce in kula da abincin yara, kwana bakwai kawai za ta yi. Na ce to.

Ka koya mini in dubi gaskiya, amma ba ka faɗa mini yadda ake son Allah ba in gaskiyar ita ce Rabi za ta mutu. Tun jiya nake sallah, bakina na karatu, zuciyata ta kasa ɗagowa. Ina jin kamar na gudu daga gare Shi, kuma babu inda zan je da ba Ya nan.

Ɗazu yayanta ya bugo waya. An hana ta ƙwayoyin asibiti, an ce ba a haɗa su da jiƙo. Ina jiyo nishinta ta bayansa.

Na kai yara gidan Inna a Magama. Ina tasha yanzu, motar Maradi saura mutum biyu ta cika. Zan zauna gabanta in karanta mata takardar kalma bayan kalma, sannan in roƙe ta gafara. In ta yarda mu dawo asibiti, mu dawo. In ta ƙi, aƙalla da saninta ta ƙi.

Tsoro nake ji, Baba.

Ya Allah, Ka jiƙan mahaifina. Ka sa in tarar da ita da rai da hankalinta, kuma kada Ka bar harshena ya sake yi mata ƙarya.

Ɗanka,
Sanusi