'Ya'yan Jimina Uku

Birni, daren Talata

Da asuba na kai wa jiminuna dusa, sai na tarar ƙwai uku sun ƙyanƙyashe! Alhamdulillahi.

Shekara biyu ina kulle namijin daban da dare, ƙwai suna ta lalacewa. Baba Tanko maharbi na garin Droum ya yi mini dariya: "Malam, lakwal, makarantar bokon taku, ba ta koya maka ba? Ai namiji ke kwanci da dare!" Na saki namijin ina shakka.

Yau Baba ya zo, ya tsuguna ya daɗe yana kallon 'ya'yan. Ya ce rabonsa da ganin ɗan jimina a daji tun yana saurayi, masu neman gashi sun ƙarar da su.

Gobe:
Toshe ramin katanga saboda muzuru.
Yanko ɗanyen ganye.
Kai wa Baba goro, in ce ya fi ni.