Ƙafar Hadijatu

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Matata Hadijatu na gidansu a Dutse Uku tana wankan jego, sai ta yi arba'in. Haihuwar fari, ba ni da ta cewa. Na dawo daga ɗakin gwaje-gwaje na tarar da gida tsit, har tukunyar da na ƙona jiya tana nan tana jirana. Ina kewarta, wallahi. Har faɗan da take min kan safa nake kewa.

Alhamis, 11 ga Yuli

Yini guda ina kan madubin ƙara girma, ina leƙen ƙananan ƙwayoyin jinin nan masu manne wa juna su toshe rauni. Aikinmu ke nan: gano abin da ke sa su wuce gona da iri, su yi guda a cikin jijiya. Nkiruka, abokiyar aikina, ta ce tun safe nake kallon gilashi ɗaya. Ba ƙarya ta yi ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Na je gaisuwa. A zaure na tsaya kamar kullum, kai a ƙasa. Inna, surukata, ta amsa daga ciki. Aka miƙo min yaron, hancina ne sak. Hadijatu ko leƙowa ba ta yi ba. Na ji haushi, na tafi ina ƙunƙuni har unguwar Katako.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ashe ba za ta iya takowa ba ne. Ta faɗa min a waya: ƙafar hagu ta kumbura, ƙwabrin na zafi. Ɗaya kaɗai. Wai Inna na gasa mata da ruwan zafi, tana matsawa safe da yamma.

Gabana ya faɗi. Mai jego, kwanciya ba motsi, ƙafa ɗaya. Na san sunan wannan abu. In gudan jini ne, matsar nan na iya ɓalle shi ya tafi huhu.

Na ce ta faɗa wa Inna a daina. Ta ce, "Ni? Kai dai ka faɗa mata."

Ni da ko idon Inna ban taɓa kallo ba.

Litinin, 15 ga Yuli

Na ba Nkiruka labari, wai ina neman shawarar yadda zan aika kawuna ya yi maganar cikin ladabi. Ta ajiye abin hannunta, ta yi min magana da Hausarta mai gauraye da Turanci. "Oga, kunya ne zai riƙe maka mata? Tashi ka tafi, abeg."

Na tafi. Na yi sallama na wuce zaure, na wuce tsakar gida, mata na ta jan mayafi. Na tarar da Inna riƙe da ƙafar, tawul na tururi. Ban san da wace murya na ce, "Inna, don Allah sakar mata," ba. Ta dube ni, na dube ta.

A asibiti hoto ya nuna gudan, can bayan gwiwa. An kwantar da ita.

Juma'a, 19 ga Yuli

An sallame ta, da allurar da za a riƙa yi kullum. Gidansu ta koma, ni ke zuwa yi mata. Inna na amsa gaisuwata a taƙaice. Na ji tana ce wa maƙwabciya haihuwa tara ta yi da ruwan zafin nan. Gaskiyarta. Ita ma tsoro ne ya sa take matsawar.

Minti kaɗan nake samu da Hadijatu. Sai in yi ta jan aikin, ina goge wurin da auduga fiye da yadda ya kamata. Ta gane, tana murmushi.

Laraba, 31 ga Yuli

Kumburin ya saɓe. Yau ta raka ni har bakin ƙofa da ƙafarta.

Kafin nan Inna ta ajiye min tuwo a tabarma, ta zauna, ba ta tashi ba. Ta ce, "Ci, Abdulmalik." Ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Yunwa ce kawai, ina jin. Na cinye tas a gabanta.