Sun Ƙirga Kwalekwale Muna Cikin Makoki

Anti Hitolo, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Mijina Gaudi ya rasu wata bakwai ke nan. Shi ne babban masuntan ƙauyenmu, nan gaɓar Papua. Kamar yadda aka saba, ranar da aka binne shi aka kafa sanda a bakin ruwa, aka ɗaura mata ganyen kwakwa. Ba mai jefa taru a mashigin tekun da yake kamun kifi sai shekara ta cika an yi biki, kuma ni ce zan kwance ganyen da hannuna.

Ana wata na uku da rasuwar sai ga mutanen kamfanin da ke son gina tashar lodin gas zuwa ƙasashen waje. Mako biyu suna zaune kan tudu suna ƙirga kwalekwale, ko ɗaya ba su gani ba, kuma ba wanda suka tambaya. Har dafaffiyar ayaba na aika musu! Yanzu rahotonsu ya fito, wai ba mai amfani da mashigin, nan za a yashe wa manyan jiragen ruwa hanya.

Za su dawo ƙirga na biyu ƙarshen watan gobe. Ƙanen mijina, Lohia, ya ce in kwance ganyen yanzu a fita kamun kifi su gani. A kasuwa mata sai habaici, wai mamaci dai ya huta, 'ya'yansu kuwa gas za su ci. Anti, ko rigar Gaudi na kasa saukewa daga ƙusa. In na kwance na wulakanta shi, in na ƙi a ce ni na raba ƙauye da abincinsa. Yaya zan yi?

Mai takaba

'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Laifin ba naki ba ne, na wanda ya shigo garin mutane ne ya yi ƙirga bai yi tambaya ba. Amma kada ki riƙe Lohia a zuci. Shi ma yayansa ya rasa, kuma tsoronsa na da dalili, don abin da ya shiga rahoto da wuya a goge shi.

Kada ki kwance, kuma kada ki yi shiru. Cikin makon nan ki sami fastonku da kansila, a rubuta wa kamfanin da hukumar kula da muhalli ranar rasuwar, ranar kafa sandar da ranar bikin. Dattawa su sa hannu, ku riƙe kwafi. Ku nemi a ɗage ƙirgan sai bayan bikin. In sun ƙi, ranar da suka zo kowane kwalekwale ya fito ya jeru a bakin iyakar mashigin, taru a naɗe. Kamun kifi al'ada ta hana, ba tsayawa kan ruwa ba. Lohia ya ja gaba, ke ki tsaya gindin sandar ki gaya musu wane ne Gaudi.

Ban ce za a fasa tashar ba, wataƙila ma wasu a ƙauyen na son ta saboda aikin yi. Amma duk abin da za a yanke, a yanke shi da sanin kuna nan. Allah ya kai ki ƙarshen takabarki lafiya.