A Sake Tsince Irin Gyaɗar Bana

Zuwa ga ƙanena Zaharaddini, Ruwan Bago.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka Hajo da yara. Ruwa ya sauka kuwa?

'Yata Bahijja ke rubutawa, na hana ta gyara mini magana. Ina nan Turkiyya lafiya ƙalau, sanyi ne kawai, miyarsu kuma ba yaji.

A kamfanin da Bahijja ke aiki suna ƙera injin tsince gyaɗa. Gyaɗa na tafiya a kan bel, kyamara na kallo, iska ta hure ruɓaɓɓiya gefe. Amma sai an koya masa, shi ya sa suka zaunar da ni ina warewa suna ɗaukar hoto. Har yadda marigayi Baba ke gane iri mai kyau na faɗa musu.

Shekaranjiya injin ya ture wasu da na ce lafiyarsu lau. Na yi gardama, aka fasa, ciki baƙi. Fitilar ɗakin ce ba haske, ko da yake kwanan nan ko'ina haka nake gani. Za mu je wurin likita. Ban ji kunya ba, ai ni na koya masa.

To, maganar iri. Tun rasuwar Baba ni ke zaɓar mana, amma kada a shuka wanda na ware kafin in taho. A kwance buhunan, Hajo ta sake tsincewa, idonta garau yake. In an tambaya, ka ce ni na sa ta.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Yayanka,
Sulle