Ƙwayayen Ladan Sun Tafi Gombe

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Ƙwai goma sha biyu sun cika yau, alhamdu lillahi. Na ƙarshen da ɗuminsa na ɗauko daga akurki, na goge shi da busasshen tsumma. Yaya Hajo ta ce in wanke su tunda gidan surukai za su. Na ce mata ƙwan da za a ƙyanƙyashe ba ya ganin ruwa. Shekararta biyar a gidana tun da mazanmu suka rasu, har yau kaza a wurinta nama ce kawai.

Kajin nan durgu ne wake-wake, gajerun ƙafa, irin Innarmu. Da su aka kawo ni Ƙofar Marusa ina amarya. Annobar bara ta share akurkin, ta bar mani kaji biyu da tsohon zakarana Ladan, wanda kullum yake riga masallaci kiran asuba. Yanzu Ladan ya fara gyangyaɗi da rana tsaka. In ya tafi ba magaji, irin Inna ya ƙare a hannuna. Shi ya sa zan raba: ƙwai ya tafi Gombe wurin autata Nafisa, ko annoba ta dawo nan, can da saura.

Gombe dai. Duk samarin Katsina ba su yi mata ba sai Umair, mai gilashi da ƙaramar murya, wanda ke cin tuwo da cokali. Ban taka gidan ba tun kai amarya, kuma ba ni da niyya.

Laraba, 18 ga Yuni

Ɗauri ya ci mani safiya. Kowane ƙwai na yi mashi ɗigo da fensir, na naɗe shi a takarda, na dasa shi cikin ƙaiƙayin gero, tsinin yana kallon ƙasa. Ƙaramin kwali cikin babba, tsakaninsu tsummokara. Na girgiza a kunnena, shiru.

Sai na tsaya ina kallon kwalin. A aika gidan surukai da ƙwai tsura, kamar marar dangi? Na cusa daddawa, kuka, yaji, kuɓewa busassa, har da kilishi. Yaya Hajo ta ƙara da alkaki.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ofishin aika saƙo na wajen Ƙofar Ƙaura. Ban ba direban tasha ba, don na san su: kwalina ne zai zama matashin kan wani fasinja.

Ma'aikacin, wani Ashraf mai fara'a, ya ɗora kwalin kan sikeli ya ce kuɗin da nauyi da nisa ake yankewa. Da ya faɗi adadin na ce, "Ɗan nan, ƙwai na kawo ba saniya ba." Ya yi ta dariya. Ya ce, "Hajiya, mi kika zuba ciki? In kin cire kayan miyar nan rabi za ki biya." Na ce ya bar mani kayana, kunya ta fi kuɗi tsada. Ya ce to in rubuta wani abu a jiki. Na rubuta da manyan baƙaƙe: ƘWAI NE, A YI HANKALI. Ya liƙa takardarsu, ya aje shi can sama shi kaɗai.

Na dawo a Keke Napep ina jin kaina kamar wadda ta aurar da ɗiya. Na kira Nafisa na karanta mata komai: in ya iso a bar shi ya huta yini guda kafin a sa wa kaza.

Juma'a, 20 ga Yuni

Ladan bai yi cara ba yau. Da hantsi na tarar da shi kwance, na aika a kira maƙwabcinmu Malam Tanko ya yanka kafin ya zama mushe. Yaya Hajo ta yi farfesu. Na ce ba na ci, daga baya na sha romon ina hawaye. Sabo da kaza ba ya hana yanka, gaskiya ne, amma ba a ce ba ya sa kuka ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Inna lillahi.

Kwali ya isa lafiya, ko ɗaya bai fashe ba. Amma Nafisa tana asibiti wurin aiki, sai uwar mijinta Hajiya Talatu ta karɓa. Baiwar Allah ta buɗe ta ga daddawa, ta ga alkaki, ta ga ƙwai. Me za ta ɗauka in ba tsarabar suruka ba? Ta yi abin da kowace dattijuwa za ta yi: ta kasa, ta aika gida-gida a unguwa a sa albarka. Ƙwai bibbiyu, har da ƙullin yaji.

Har kirana ta yi tana godiya. "Hajiya Safara'u, irin wannan ɗawainiya! Maƙwabta sai addu'a suke." Na ce ba komai, ai yi wa kai ne. Me zan ce? Suruka ce.

Nafisa ta kira tana kuka. Yaya Hajo kuwa ta riƙe ciki tana dariya, wai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Saura kaɗan in jefe ta da muciya. Ni da tsarabata, da na ji maganar yaron ofishin nan.

Lahadi, 22 ga Yuni

Abin da Nafisa ta ba ni labari yau, sai da na sa ta maimaita.

Jiya mijinta ya dawo ya ji abin da ya faru. Bai ce wa mahaifiyarsa uffan ba. Ya fita ya sayo kiret na ƙwan gidan gona, ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya yana sallama, yana roƙon a ba shi mai ɗigon fensir a karɓi huɗu a madadinsa. Malamin kwaleji guda, a ƙofar gidan mutane yana karɓar kyautar da aka riga aka bayar! Wata tsohuwa ta ce mashi tun da take ba ta taɓa ganin an biyo sawun tsaraba ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri Baba, amanar surukata ce."

Bakwai ya samo. Sauran sun riga sun shiga shayi da burodi. Ya aro kaza mai kwanci a bayan layinsu, yau da yamma aka sa mata.

To. Ya yi ƙoƙari.

Laraba, 2 ga Yuli

Ƙwai ukun da kajina suka saka bayan tafiyar kwalin, waɗanda ɗayar ke kwanci a kansu, na duba a hasken tocila. Fayau, ba komai ciki. Ashe ƙarfin Ladan ya riga ya ƙare. Saura na Gombe kawai.

Asabar, 5 ga Yuli

Kullum sai Nafisa ta kira da tambaya, wai in ji mijinta. Kazar ta tashi ta daɗe, ba komai? A yayyafa ruwa a ƙasan gurbin? Yau na gaji da ɗan aike na ce ta ba shi wayar. Ya gaishe ni har ina jin durƙusonsa ta waya. Na yi mashi bayani a gajarce, shi kuma ya ce ya haska ya ga jijiyoyi ja a guda biyar. Muryar nan tasa da nake cewa ta yi ƙanƙanta, ashe in yana murna tashi take.

Sai da katin wayar ya ƙare muka rabu. Yaya Hajo ta ce, "Yau kuma ina kunyar surukai ta tahi?" Na ce maganar kaji ce.

Lahadi, 13 ga Yuli

Tun safe waya na hannuna. Ko tsakar gida ban share ba.

Litinin, 14 ga Yuli

Huɗu! Huɗu sun fito!

Umair ya kira da bidiyo bayan sallar asuba, gilashinsa a karkace, ya kara wayar a bakin kwando. Ga su nan, 'yan ƙafafu gajeru kamar an guntule, suna tuntuɓe da juna. Ƙafar kajin Inna sak. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida har Malam Tanko ya aiko a ji ko haihuwa aka yi. Na ce a ce mashi e.

Hajiya Talatu ta leƙo cikin hoton tana rufe baki da mayafi, ashe sai daga baya ta ji labari. Ta fara ba da haƙuri, na ce wallahi albarkar da maƙwabtanta suka sa ce ta kama. Muka yi dariya har da hawaye.

Asabar, 23 ga Agusta

Ɗaya shaho ya ɗauka tun suna ƙanana, Umair ya yini bai ci abinci ba, in ji Nafisa. Ya kewaye sauran da waya. Yau ya turo bidiyo: guda cikin ukun zankonsa ya yi ja, yana miƙa wuya yana wani kukan da ba cara ba, ba tari ba. Zakara ne!

Na saurara ya fi a ƙirga. Na kunna wa kajina biyu a bakin akurki, suka ɗaga kai suna dube-dube.

Talata, 26 ga Agusta

Kaji biyu ba zakara a nan, zakara a can. Lissafin bai da wuya. Kuma kaza mai rai ba a sa ta a kwali a ba Ashraf ya auna, dole wani ya riƙe kwandon a cinya har Gombe. Yaya Hajo ba ta iya doguwar mota. Saura wa?

Jibi in sha Allahu. Kwana biyu zan yi, in ga sun saba da wuri in juyo. Yaya Hajo ta ga na ɗauko babbar jaka ta yi murmushin nan nata, wanda ya fi maganarta ciwo.

Na biya kasuwa sayen kwando, sai na ga wata hula zanna mai ruwan toka. Ba wani abu ba ne, kyau ta yi mani. Na kira Nafisa na tambaye ta girman kan ɗan nawa.