Ni Ke Sunsuna Gwangwanayen Verhulst

Brussels, 12 ga Yuni, 1974

Yaya Amélia,

Ina gaishe ku da kyau. Yaya ƙafar Mama?

Ni lafiya lau, kada ku damu. Tsohon da nake wa aiki, Verhulst, mutumin kirki ne. Ba abin da ya dame shi sai tara tsofaffin takardun tallan finafinan barkwanci da na rawa, waɗanda kamfanoni ke aika wa masu silima. Sun cika ɗaki uku har rufi.

Sai dai akwai gwangwanayen tsohon fim da ya sayo tare da su. Irin wannan fim in ya ruɓe, da kansa yake kama wuta, ruwa ma ba ya kashe ta. Da wari ake ganewa. Shi kuwa hancinsa ya mutu, don haka duk Litinin ni ke buɗewa in sunsuna.

Shekaranjiya gwangwani ɗaya ya buge ni da wari har idona ya kawo ruwa. Na faɗa masa. Ya cire lofen tabarsa daga baki ya ce, "Haba 'yata, tafarnuwar ƙasarku ce ta ɓata miki hanci. Mayar da shi."

Na mayar, Yaya. Ga zafi ya shigo, muna hawa na huɗu, matakala ɗaya ce tal.

Ki aiko mini busasshen kifi. Kada Mama ta ji maganar fim ɗin nan. Ki yi mini addu'a a coci, amma don Allah kada ki kunna mini kyandir.

Ƙanwarki,
Deolinda